Daga Turmi Da Fartanya Zuwa Benci: Yadda Motsin Jiki Ya Fita Daga Rayuwar Dattawanmu



Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa ko mahaifiyarsa asibiti a Itas ko Azare saboda hawan jini ko ciwon suga ya san maganar da likita kan rufe da ita bayan ya rubuta magani: a rage gishiri, a rage zaƙi, a riƙa motsa jiki. Biyun farko tsofaffi na ganewa ko da ba za su bi ba. Ta ukun ce ke ba su dariya. Mutumin da ya yi shekara hamsin a duƙe kan kunya, ko matar da taɓarya ta yi wa kanta a tafin hannu, yau yaro sa'an jikansu ke koya musu motsa jiki. Likitan yana da gaskiya, dariyar tsohon ma tana da dalili. A ƙasar nan ba a taɓa ware motsa jiki a matsayin wani abu mai zaman kansa ba. A cikin noma yake, da daka, da ɗiban ruwa, da zuwa kasuwa da zumunci. Cikin shekaru kamar hamsin injuna suka ɗauke waɗannan ayyuka ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi murna, babu wanda ya lura cewa da aikin da motsin tare suka tafi.

Bari mu faro daga baya. Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu, shi ya kafa masarautar Katagum, ya gina garin Katagum wajen 1814. A farkon 1824 Turawa biyu, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, suka ratso ƙasar daga Borno za su Kano. Oudney bai ƙarasa ba, ya rasu a Murmur kusa da Katagum. Clapperton ya tarar da gari mai ganuwa da kasuwa mai ci, ana ciniki da kuɗin wuri. Abin lura a nan shi ne duk hatsin da ya cika kasuwar, da ƙasar da aka ɗora ganuwar da ita, a ka da bayan jaki suka zo. Doki na sarakuna ne da masu hali. Talaka ko yana da jaki, kaya ke hawa, shi yana biye da sanda.

Zuwan Turawa a 1903 bai rage tafiyar ba, sai ma ƙara ta da ya yi. A 1916 aka mayar da fadar masarauta daga Katagum zuwa Azare, tazarar kusan kilomita 70, bayan shekara goma kuma aka cire ƙasar daga lardin Kano aka haɗa ta da lardin Bauchi. Haraji, shari'a, kiran hakimi, saƙon bulama zuwa ga dagaci, duk ƙafa ke kai su. Mutumin Itas da ke da magana a Azare sammako zai yi, ya kwana a can ko a hanya, ya dawo washegari ko jibi. Da jirgin ƙasa ya fara aiki sosai a Kano a 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ayarin jakuna da raƙuma suka riƙa kai buhuna wurin awo, kwana da kwanaki ana tafe. Layin dogo bai isa Nguru ba sai 1930. Kafin gyaɗa ma akwai fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni daga ƙasar Hausa. Akwai kuma wadda ta fi duka: aikin Hajji ta ƙasa, ta Borno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, ana tafiya ana tsayawa neman guzuri, wani ya shekara biyar, wani bakwai, wani ya zauna a Sudan har ƙarshen ransa. Jikokinsu na can har gobe suna jin Hausa.

Wannan ita ce tafiyar nesa. Amma abin da ya gina jikin kakanninmu ba ita ba ce, aikin kullum ne, kuma kowane mataki na rayuwa da irin nasa.

Ɗa namiji tun yana ɗan shekara shida ko bakwai yake bin awaki, ya yi ciyawa, ya je itacen da za a hura wutar karatun dare a makarantar allo. Da yamma ga langa, wadda duk wanda ya yi ta ya san ba ƙaramin aiki ba ne mutum ya riƙe ƙafa ɗaya a baya yana tsalle yana tunkuɗe abokin wasa. Yaran bakin kogin Jama'are da fadamunsa suna tasowa da iyo da su. In ya zama saurayi sai kokawa a dandali bayan kaka, da farautar rani, da gayya, inda makaɗi ke zuga samari kowa na son ya riga ɗan uwansa kai ƙarshen kunya. Shekara a tsare take: sassabe da kai taki a bazara, shuka da sungumi da zarar ruwa ya sauka, noman firi, maimai, huɗa, sannan girbi da ɗaurin dami da jido zuwa rumbu. Da rani mai fadama ya koma lambu yana jan ruwa da jigo guga bayan guga, wanda ba shi da ita ya tafi cin rani, ko ya kama kwaɓa da yaɓe da jinka.

Wurin da ya kamata mu tsaya mu duba da kyau shi ne tsufa. Manomin da ba ya ritaya. Ragewa yake yi. In ƙarfi ya fara ja baya sai ya sakar wa 'ya'ya babbar gonar gandu, shi ya riƙe 'yar gayauna kusa da gari. Kullum da hantsi zai zagaya ya ga abin da yara suka yi, ya cire ciyawa nan, ya tayar da karan da iska ta kwantar can, ya dawo da harawar ragonsa a ka. Da rana yana gindin bishiya yana tufkar igiya ko saƙar zana. Zai je jana'iza a ƙauyen gaba, zai je ɗaurin aure, zai je gaida mara lafiya, duk a ƙasa. Masallatan Juma'a a lokacin ƙalilan ne, saboda haka mutumin ƙauye yakan yi tafiya mai nisa kowane mako kafin ya sami jam'i. Ba a ganin wannan a matsayin wahalar da tsoho. Wanda ya kwanta shi ake tausayawa, wanda ke iya zuwa gona kuwa sai a ce Baba da sauran ƙarfi, Allah ya ƙara lafiya.

Tarihin mace ya sha bamban, kuma shi ne aka fi mantawa. Rayuwarta kashi uku ce. Tana yarinya ƙafarta ba ta hutawa: talla, aike, rijiya, gaɗa da dare a dandali. Da ta yi aure sai duniyar ta tsuke, musamman a gidajen malamai da masu sarauta da 'yan kasuwa inda ake kulle. Masu bincike irin su Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a shekarun 1960, sun nuna yadda kulle ya bazu har cikin karkara a ƙarnin da ya wuce, inda ake da rijiya a cikin gida da jakin da zai ɗauko itace. To amma wanda ya ɗauka matar kulle a zaune take bai san cikin gida ba.

A ɗauki tuwon dare ɗaya kawai. Za a ciro dami daga rumbu, a yi sussuka, a sheƙe, a surfa, a bakace, a wanke, a shanya, sannan a daka ko a durƙusa gaban dutsen niƙa, a tankaɗe, a mayar da tsaki turmi a sake dakawa. Taɓarya ba ta da sauƙi, kuma sau ɗaruruwa za a ɗaga ta a sauke kafin gari ya yi laushi. In gidan babba ne mata biyu ko uku za su haɗu a turmi ɗaya suna lugude, ana jefa taɓarya sama ana tafi ana cafewa, mai wucewa a waje ya san gidan akwai mata. Bayan wannan ga dakan fura, ga jan ruwa da guga daga rijiya mai zurfi, ga tuƙin tuwon mutum ashirin da muciya, ga wanki a duƙe, ga shara, ga goyo a baya duk ana yi. Mai sana'ar ƙuli-ƙuli za ta soya gyaɗa, ta murje, ta niƙa, ta tuƙa har mai ya fito, ta matse da hannu. In an yi sabon ɗaki mata su taru su yi daɓe suna waƙa. Ba mu jin akwai wani ɗakin motsa jiki a birni da zai ba kafaɗa da baya da cinya abin da wannan ke ba su. Matan ƙauyukan da ba a kulle kuwa sun haɗa duk wannan da gona da itace, su kuma matan Fulani na rugage kowa ya san nisan da suke yi da ƙwaryar nono a ka kafin su iso kasuwa.

Kashi na uku shi ne mafi daɗi ga mace ta da. In ta daina haihuwa, ta aurar da 'ya'ya, sai ƙofa ta sake buɗewa. Tsohuwa ke zuwa kasuwa, ita ce dillaliya mai shiga gida-gida, ita ce ungozoma da ake tasa tsakar dare, ita ke kai gara, ita ke raka amarya, ita ke tafiya wani gari zaman jego wajen 'yarta. Wannan tsohon tsari ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, a kansa ta gina tsarin 'Yan Taru: dattawan mata da ake kira jaji su ke jagorantar ayarin mata daga ƙauyuka su tako har wurinta su ɗauki karatu, su koma su koyar da waɗanda aure ya tsare a gida. Da tsofaffin matan lokacin ba su da ƙafa, da ilmin bai kai inda ya kai ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ce muna kiran a koma jiya. Aikin ya gina jiki, ya kuma karya shi. Mun ga tsofaffin da noma ya lanƙwasa musu baya har ba sa iya miƙewa, da matan da ɗaukar tulu ya cinye musu wuya, da masu ciwon gwiwa da ƙaba da ba su taɓa ganin likita ba. Wani aikin ma ba na son rai ba ne. Tsakanin 1942 da 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, gwamnatin Turawa ta ɗebi dubban mutane daga lardunan Arewa ta kai su haƙar kuza a tsaunukan Jos da ƙarfin tsiya, da yawa suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. A 1960 matsakaicin tsawon rai a Najeriya bai kai shekara 40 ba, galibi saboda yawan mutuwar ƙananan yara. Tsofaffin nan masu ƙarfi da muke ba da labarinsu, waɗanda suka tsallake ne. Na ƙasa sun fi su yawa. Saboda haka ranar da injin niƙa ya fara ƙara a gari, matar da ta yi guɗa tana da hujja.

Canjin ya zo ne a hankali, sannan ya zo da gudu. Garmar shanu Turawa suka fara yaɗa ta tun ƙarshen shekarun 1920, amma ta daɗe kafin ta zama ta kowa, kuma mai bin shanu ma tafiya yake. Keke ya shigo, Raleigh ga malamin En'e da ɗan kasuwa, daga baya Phoenix mai sauƙin kuɗi, shi ma bai raba mutum da gumi ba, duk wanda ya tuƙa shi a rairayin ƙasarmu shaida ne. Shekarun 1970 ne suka juya al'amarin. Farin 1973 da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975 suka karya noman kuɗi, samari da yawa suka nufi birane. A daidai lokacin kuɗin fetur ya shigo, aka biya ma'aikata ƙarin Udoji a 1975, babura suka cika gari. A 1976 aka ƙirƙiro jihar Bauchi, aka yi gyaran ƙananan hukumomi, aka kuma buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. Nan take aka buƙaci malaman makaranta da akawu da ma'aikatan lafiya masu yawa. A karon farko garuruwa irin namu suka sami tarin mutanen da abincinsu ke fitowa daga kujera da alli da biro.

Shekarun 1980 suka kawo shirin bunƙasa noma na jihar Bauchi da tallafin Bankin Duniya: rijiyoyin burtsatse masu famfon hannu, hanyoyin karkara, da ƙananan injunan ban ruwa da suka kori jigo daga fadama. Daga ƙarshen shekarun 1990 babura masu araha daga Sin, sannan Bajaj daga Indiya, suka mayar da acaɓa sana'ar kowane ƙauye. A 2001 wayar hannu ta shigo Najeriya, bayan 'yan shekaru ta iso mana, gaisuwar da ake takawa a kai ta koma kira na minti biyu. Sai maganin feshi ya rage noman firi da maimai, injin casa da na surfe suka karɓe abin da ya rage wa turmi, 'yan garuwa da kurarsu suka kawo ruwa har ƙofar gida. Masallacin khamsu salawati ya zo bakin kowane zaure, na Juma'a ya yawaita. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan alheri ne, babu wanda za mu so a mayar. Sai dai in ka tara su, za ka ga mutum na iya wayewa ya kai dare bai yi taku dubu biyu ba.

Abin da zama ke yi wa jiki ba sabon ilmi ba ne. A 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya wallafa binciken da ya yi kan ma'aikatan bas masu hawa biyu na birnin Landan. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka matakala yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, gari ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi saurin kashe su. Daga nan bincike ya yi ta biyo baya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2020 cewa baligi, har da tsoho, yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi mai ɗan sa haki, kamar tafiya da sauri, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu, wanda ya haura 65 kuma ya ƙara da abin da zai taimaka masa tsayuwa daram don gudun faɗuwa, kwana uku a mako. Minti 150 a mako ke nan kamar minti ashirin da 'yan kai a rana. Kakarmu kafin ta gama surfen safe ta wuce nan. Alƙaluman da hukumar ta fitar a 2024 sun ce kashi 31 cikin ɗari na manyan duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa kai wannan ma'auni, mata kashi 34, maza kashi 29. A Najeriya kuma masana na ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin manya uku na da hawan jini. Ba zama kaɗai ya jawo ba, akwai gishiri da ɗanɗanon miya da lemon kwalba da damuwa, akwai kuma cewa yanzu ana awo, da kuwa sai dai a ce iska ta buge shi. Amma zama na cikin manyan dalilai, kuma shi ne wanda ba ya bukatar kuɗi kafin a gyara.

A ƙaramar hukumar Itas/Gadau, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta kusan mutum dubu 230, yawancin jama'a har yanzu manoma ne, kuma talakan ƙauye bai rasa aikin ƙarfi ba, abinci mai gina jiki da magani ya fi rasa. Waɗanda abin ya fi shafa su ne na cikin gari. Na farko 'yan ajin 1976 ɗin nan, malamai da ma'aikatan da suka yi noma suna yara, suka bar shi suna samari, yanzu sun yi shekara 35 a aiki ko sun cika 60 sun ajiye. Ritayar ma'aikaci ba irin ta manomi ba ce, yankewa ce rana ɗaya. Jiya yana da dalilin fita da safe, yau babu. Daga ɗaki sai benci a ƙofar gida, daga benci sai majalisa, daga majalisa sai masallacin da ke taku goma. Haka ɗan kasuwar da ke zaune a shago daga safe har magariba, yaro na miƙo masa komai. Tsoka kuwa ba ta ajiya. Noman da aka yi ana shekara ashirin ba ya biyan bashin zaman da ake yi ana sittin, abin da aka daina amfani da shi zubewa yake.

Na biyu, kuma su suka fi ba mu tsoro, iyayenmu mata da matanmu. Tsarin da ya tsare mace a gida yana nan, aikin da ke motsa ta a cikin gidan ne ya tafi. Niƙa na inji, ruwa na ɗan garuwa, taliya ta leda, shara ta yara. Ta yi shekara talatin a haka, sai ta iso lokacin da al'ada ta buɗe mata ƙofa da jiki mai nauyi da gwiwa mai ciwo, ga adaidaita sahu a bakin layi, ga waya a hannu. Ƙiba kuma har yanzu yabo ce a bakinmu, an ce hutu ya karɓe ta, maigida na ƙoƙari. Namiji in ya ga dama zai zagaya gari ba mai tambayarsa. Mace mai shekara hamsin da ta fito da sassafe tana tafiya ba tare da unguwar da za ta ba, kafin azahar an kai labari gidan surukai.

Ga kuma ladabi, wanda a nan yake yin aikin da ba a nufa ba. Ɗa nagari ba ya son a ga mahaifinsa da fartanya, kada a ce ya kasa riƙe shi. Sai ya sa a karɓe gonar, ya sayo babur, ya ce Baba ka huta haka nan. Suruka ba za ta bari Inna ta taɓa tsintsiya ba. In tsoho ya miƙe zai ɗauko buta, jikoki uku sun riga shi. Niyyar mai kyau ce, lada kuma na nan in sha Allahu, amma tsohon da aka hana duk wani dalilin tashi, cikin 'yan shekaru tashin kan gagare shi, daga nan sai sallah a kujera, sai faɗuwa a banɗaki, sai karayar ƙugu da ba kasafai ake tashi daga ita ba. Shi kansa dattijon yana jin nauyin a gan shi yana sauri a titi ba gaira ba dalili, gudun kada a ce girma ya faɗi, wasan guje-guje ai na yara ne da sojoji. Alhali a cikin abin da malamai ke karantar da mu akwai cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu bayan shekaru.

Inda abin ke fitowa fili shi ne Makka. Mutum ya yi shekaru yana tara kuɗin kujera, jirgi ya kai shi cikin sa'o'i kaɗan inda kakansa ya yi shekaru yana takawa. Amma can babu acaɓa. Ɗawafi zagaye bakwai ne, in cunkoso ya tura ka hawan sama zagayen ya ƙara faɗi. Safa da Marwa sau bakwai kimanin kilomita uku ne. Ga zuwa jifa daga tantunan Mina da dawowa cikin zafi, kwana uku a jere. Alhazanmu na dawowa da labari iri ɗaya kusan kowace shekara: tsohuwar ƙauye mai shekara saba'in ta gama komai da ƙafarta tana jiran sauran, ɗan birni mai hamsin da biyar kuma sai da aka biya kuɗin keken turawa.

Tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin fetur, wani abu ya ɗan juya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin acaɓa ya ninka, babura da yawa suka koma zaure aka lulluɓe, masu gyaran keke da suka kusa barin sana'a suka sake samun ciniki. Malamin makaranta ya koma taka sayyada, manomi ya koma tafiya gona da ƙafa. Ba don lafiya aka yi ba, tsada ce ta tilasta, kuma in sauƙi ya samu yawanci za su koma kan babur. Su ma waɗannan kusan duk maza ne. Mace a ƙasarmu ba ta hawa keke, in kuɗin adaidaita ya gagara sai ta fasa unguwar ta aika gaisuwa ta waya. Fitar da ta rage mata wadda ba mai yi mata magana a kai ita ce Islamiyyar matan aure da ta tsofaffi, da dubiya, da gidan suna, kuma yawancin waɗannan a cikin Itas ba su fi tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin daga ƙofar gida ba.